Dutsen da Inna Ta Goge

Ni ce ’yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a Daura ya san abin da hakan ke jawowa. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son a faɗa mini magana sai ta dubi Goggo, ƙanwar Baba wadda ta raine ni, ta ce, “Ki ce wa waccan.” Ko da kuwa ina zaune gwiwata na taɓa tata. In aka fara yabona ko aka ɗauko zancen karatuna, sai ta miƙe ta tafi duba tukunya, ko da ba a ɗora komai ba. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, haka na ga ana yi, sai shekarar da kunyar nan ta kusa cinye mini digiri.

Lokacin ina koyarwa a wata makarantar ’yan mata, ina kuma karatun digiri na biyu a fannin duwatsu a Kano, ranar Juma’a in hau mota, Lahadi in dawo. Shekara uku ina wannan sintiri. An riga an ƙara mini wa’adi sau ɗaya, aka kuma gaya mini ƙarara cewa babu ƙari na biyu: in ban kai kundina da dutsen da na yi aikin a kansa ba kafin ƙarshen damina, to sai dai in koma gida da hannu biyu.

Dutsen nan Kawu ne ya kawo shi, yayan Inna, mai fataucin raguna da raƙuma, wanda ke shiga Nijar ta Kongolam kamar yadda nake shiga kicin. A can arewa da Damagaram ya tsince shi, kusa da wata rijiya inda suke shayar da dabbobi. Ya ce ya gan shi kamar saƙar zuma, ya tuna akwai mahaukaciyar da ke tara duwatsu a gida. Girmansa bai wuce dunƙulen hannu ba, ruwan toka, duk jikinsa ƙananan ramuka manne da juna, kowane rami da siraran layuka suna tahowa daga baki zuwa tsakiya kamar an yanka lemon tsami. Da na juya shi a hannuna sai da na zauna. Murjani ne.

Ba jan murjanin da kakanninmu ke ɗaurawa a wuya ba, ɗan’uwansa ne mai gina dutse a cikin teku. Kowane rami a jikinsa gidan wata ’yar halitta ne mai taushi, ta gina shi ta zauna ciki, ta mutu, gidan ya koma dutse. Kuma ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri. Da na gaya wa Goggo cewa wurin da Kawu ke shayar da raƙuma teku ne a da, tun kafin a yi mutum, sai ta daina tsince shinkafa ta dube ni.

“Teku? Inda ake zura guga gaba talatin kafin a ji tsulum?”

“Teku, Goggo. Har da kifi.”

“To ai ruwan Annabi Nuhu ne, ’yar nan. Wannan sai an je Kano?”

Na bar ta. Sau ɗaya na bi Kawu har wurin, muka wuni muna duƙe a rana, na cika buhu da ɓawon dodon koɗi da katantanwa da suka zama dutse, amma ban sami murjani na biyu ba. Guda ɗaya tak nake da shi, kuma duk kundina a kansa yake tsaye.

Aikina shi ne in faɗi jinsinsa, in kawo hujja. Ka ji kamar abu mai sauƙi. Masanan da suka yi ta raɗa wa murjani suna, Allah ya yi musu yadda suka yi mana, ba su taɓa barin suna ya kwana wuri ɗaya ba. Wannan ya sa halitta a wani jinsi, wani ya zo bayan shekaru ya cire ta ya kai wani, na uku ya ce duk biyun ai abu ɗaya ne, na huɗu ya sake raba su. Kana karantawa kanka na sarawa. Abin da ake dubawa kuwa ƙanana ne: layuka nawa ne a kowane rami, shida-shida suke tafiya ko takwas-takwas, katangar da ke tsakanin rami da rami kauri gare ta ko siririya ce, sannan ko akwai ɗan ginshiƙi tsaye a tsakiyar ramin ko babu. Ni na duba nawa da gilashin ƙara girma har idona ya yi ja, ban ga ginshiƙi ba. Ƙasa ta cika tsakiyar ramukan ta daskare, amma na ce ai da yana nan da ya leƙo. Na zaɓi jinsin da ba shi da ginshiƙi, na rubuta babi guda a kai. Ba zan faɗi sunan jinsin a nan ba, har yau kunyarsa nake ji.

Malamin da ke duba aikina, wani dattijo marar yawan magana, ya ce a yanka dutsen a goge a ga cikinsa. Injin yanka dutse na sashenmu ya lalace tun kafin in shiga makarantar, kuma ni a raina na ji daɗin lalacewarsa. Dutse ɗaya gare ni, a yanka shi? Na ce, “Malam, ai fuskar ta isa, layukan a fili suke.” Ya ce, “To, ki dai kawo shi yadda yake ranar jarrabawa, don mai zuwa daga wata jami’a a hannu zai riƙe shi, ba ya karɓar hoton waya.” Na ce in sha Allahu.

Da bazara maigidana ya sa magina su ɗaga mana katanga su gyara ɗaki biyu. Gidan ya zama kasuwa. Na san halin magina, in suka ga dutse a ajiye ba sa tambaya, cikin gini zai shige. Sai na naɗe nawa a tsohon ɗankwali na kai shi inda na san ko kaza ba ta shiga sai da izini, wato ɗakin Inna. Na same su ita da Goggo. Na gaishe su, na fuskanci Goggo na ɗaga murya yadda Inna za ta ji, na fara: “Goggo, wannan dutsen na karatuna ne, shi za a jarraba ni a kai…” Kafin in kai ƙarshen jimla Inna ta zura takalmi. Wai ta ji kamar akuya ta kwance. Na ƙarasa wa Goggo bayani, na ce kada a taɓa, kada a wanke, kada ma a buɗe. Ta ce, “Na ji, Malama, zan faɗa mata.” Na sa shi a cikin wata kwalla mai murfi a saman kabad, na tafi da zuciya wasai. An gudu ba a tsira ba.

Wata uku ban waiwaye shi ba. Ga jarrabawar ɗalibai, ga rubutu, ga magina da suka ce mako biyu suka yi wata biyu. Saura mako shida wa’adi ya cika, ranar wata Alhamis da hantsi, na je ɗaukar abina. Na sauke kwalla na buɗe, ƙuli-ƙuli ne a ciki.

“Goggo, ina dutsena?”

“Wane dutse?”

“Wanda Kawu ya kawo! Wanda na naɗe a ɗankwali!”

“Au, wannan? Duba banɗaki.”

Wallahi ƙafafuna ne suka kai ni, ni ban san na tafi ba. Yana nan a kan bulo, gefen soso da guntun sabulu, a jiƙe. Na ɗauka na juya. Fuskar da na shekara uku ina ƙirga layukanta babu ita. An shafe ta sumul kamar bayan cokali. Ɗaya gefen kuma ramukan sun dakushe, sabulu ya toshe su, har da farar fatar diddige a maƙale.

Na fito tsakar gida riƙe da shi. Inna tana zaune bakin murhu tana tankaɗe. Ba dama in yi mata tsawa, uwa ce, kuma ko da dama ban san ta inda ake fara mata magana ba. Sai na sauke wa Goggo. Na ce ina saƙon da na ba ta? Ta ce ai ta faɗa. Na ce me kika faɗa? Ta ce, “Na ce mata ga dutsen da yayanta ya kawo can a kwalla.” Shi ke nan. Abin da ya rage ke nan daga cikin bayanina na rabin awa. Kawu kuwa duk zuwansa sai ya kawo wa Inna tsaraba, dabino, cuku, wani lokaci dutsen goge kaushi, don ya san faso ya addabe ta tun tana budurwa. Me za ta ɗauka in ba nata ba ne?

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ki ce wa waccan kaifi gare shi, yanka ni yake yi, shi ya sa na rage masa baki a dutsen niƙa.”

Dutsen niƙa! Ashe zama ta yi ta zuba ruwa ta yi ta gurza shi har ya kwanta. Goggo, da ba ta san lokacin yin shiru ba, ta ƙara da cewa dutsen kirki ne wallahi, matar liman ma ta ara, maƙwabciyarmu ta bayan gida ta riƙe shi kwana huɗu, har tana tambaya ko Kawu zai samo mata irinsa. Murjanin da ya kwanta a ƙasa tun kafin a halicci raƙumi, yawon aro yake yi a unguwa daga diddige zuwa diddige.

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na yi wa Goggo, na yi wa kaji, na yi wa kwalla. Na ce wannan wace irin kunya ce da mutum zai gudu daga maganar ’yarsa kamar an ce gobara? Na ce gida cike da mutane amma babu mai kunne. Sannan na faɗi wadda ta fi kowacce muni, da ƙarfi, ina kallon Goggo amma kowa ya san inda na jefa: “Shekara uku na wahala an goge mini su da ƙazamin diddige.” Rariyar hannun Inna ta tsaya. Sai ta ja zane ta rufe ƙafafunta, ta ci gaba da tankaɗe. Na fita ko sallama ban yi ba.

Washegari na hau motar Kano da dutsen a jaka. Ba don ina sa ran komai ba, na je ne in gaya wa Malam da bakina cewa aiki ya mutu. Tun daga Daura har Kazaure ina tsara maganar da zan yi, ina ƙara hura wa kaina wuta. Wata mata kusa da ni ta miƙo mini gyaɗa, na harare ta, baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Na ajiye masa dutsen a tebur na ce, “Malam, ga abin da ya rage.” Ya ɗauka ya juya. Ban ga ya girgiza ba, abin ya ƙara ba ni haushi. Ya tsoma yatsa a kofin ruwansa ya shafa a fuskar da aka goge, ya matsa kusa da taga ya ɗora gilashi. Ya daɗe. Har na fara share hawaye da gefen mayafi.

“Malama, wa ya goge miki wannan?”

Kafin in buɗe baki ya yafito ni.

“Zo ki gani.”

Na karɓi gilashin. Da ruwan ya jiƙa shi, ramukan duk sun fito a yanke, fes, kowane da layukansa farare, katangunsu a bayyane. A tsakiyar kowane rami kuma ga ɗan farin ɗigo zagayayye kamar kan allura. Na matsa zuwa na gaba, yana nan. Na gaba, yana nan. Ginshiƙin da na rubuta shafi ashirin ina rantsuwar babu shi, yana nan a kowane rami, ƙasa ce kawai ta rufe masa kai.

“Actinastrea ne,” in ji Malam. “Ko ɗan’uwansa na kusa, sai mun ƙirga layukan sosai.” Ya ce jinsi ne da ya yaɗu a tekunan zamanin da ƙattin dabbobin nan masu kama da ƙadangare ke yawo a doron ƙasa, ya kuma ƙare tuntuni, ba shi da mai rai a yau. An daɗe ana cakuɗa shi da wani da ake kira Astrocoenia, ana kwashe iri daga wannan a zuba a wancan, don haka sai na karanta rigimar tun daga tushe. Ya ce hakan ma ya fi dacewa da dodon koɗin da na kwaso a wurin, shekarunsu sun zo ɗaya. Sai ya cire tabarau ya dube ni. “Da kin kawo shi da tsohuwar fuskarsa da wancan sunan, mai jarrabawar nan allura zai sa ya tone rami ɗaya a gabanki. Minti biyar ba za ki yi ba.”

Kai, ban san wanda zan ji wa haushi ba. Na ji haushin Malam da bai matsa mini tun farko ba, alhali ya faɗa ni ce na ƙi. Na ji haushin injin da ya lalace. Na ji haushin Turawan da suka kasa zama a kan suna ɗaya. Har Kawu na ji haushi, da ya tsinto abin tun asali. Wanda ya kamata in ji wa kuwa na san shi sarai, yana zaune a kujerar da nake zaune.

Malam ya ce fuska ɗaya ba ta isa ba. Wannan ta nuna ramukan a kwance, ana bukatar a goge gefe guda a tsaye don a ga yadda ginshiƙin ya gangara ciki, kuma dole ya miƙe, kada ya karkace. Na ce zan gwada da kaina. Ya ce, “Kin taɓa yi?” Na ce a’a. Ya ce, “Dutse ɗaya gare ki, ba na koyo ba ne. Wanda ya yi wannan hannunsa a daidaite yake, ko ƙwarzane babu. Ki mayar masa. Mako shida ya rage miki, ga babi guda da za ki sake daga farko.” Ya kuma tambaya, “Wai wane ne? A Daura kuke da mai wannan aiki?”

Na ce, “Mahaifiyata ce, Malam.”

Ya ce, “To, ki gaishe ta.”

Kwana biyu na yi a gidana ina kewaya dutsen. Na ma ɗauko wani guntun farin dutse na gwada gurzawa a siminti, ya fito a karkace kamar haƙorin tsohuwa, na yar. Maigidana ya ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, na ce ban tambaye shi ba. Ranar Litinin bayan an tashi makaranta na tafi.

Suna tsakar gida. Na durƙusa na gaishe su, Goggo ta amsa, Inna ta amsa wa bango. Na fito da dutsen na ajiye gaban Goggo, na ce malamina ya ce wanda ya goge wannan ya iya, ya ce a roƙe shi ya ƙara goge wannan gefen, ga layin da na ja da fensir, in ba haka ba karatun ya tashi a banza.

Goggo ta kwashe da dariya har da tafa cinya. “Au! Yau kuma? Ba ke ce kika kusa ɗage mana rufi ba? Ashe diddigen…”

“Goggo, don Allah.”

Na jira Inna ta zura takalmi, tunda an ambaci karatu. Ta miƙe kuwa, na ce shi ke nan. Sai ta nufi bayan rumbu, ta janyo dutsen niƙan da ba a amfani da shi sai in za a niƙa lalle ko kanwa, ta wanke shi, ta ajiye buta a gefe. Ta miƙa wa Goggo hannu, Goggo ta ɗora mata dutsen. Ta duba layin fensir sau ɗaya. Ta durƙusa ta ba ni baya, ta zuba ruwa, ta fara.

Ba ta yi sauri ba. Gaba, baya, ta juya shi kaɗan, ta ƙara ruwa, wani farin ruwa kamar ƙullu yana gangarowa. Ina zaune a bayanta, babu abin da ke gabana sai tafin ƙafafunta. Faso ya tsage diddigen biyu, na hagu ya buɗe har ana ganin ja a ciki, ta cusa man kaɗe ya haɗu da ƙasa. Goggo ta ga inda nake kallo ta ce ƙasa-ƙasa, “Tun ranar ba ta sake gogewa ba. Na ba ta nawa dutsen ta ƙi.”

Har aka kira la’asar tana yi. Sannan ta ɗauraye shi ta ba Goggo, ta ce, “Ki tambaye ta ko ya isa.”

Na ɗora gilashi. Ga ginshiƙan nan a tsaye, kowane ya gangara cikin raminsa a miƙe, ko ɗaya bai karye ba. Abin da zai fitar da ni ke nan, kuma shi ya fitar da ni, don bayan mako shida mai jarrabawar ya riƙe dutsen ya fi minti goma yana juyawa, ya sa hannu.

Amma a ranar, ina riƙe da shi yana ɗigar ruwa, Inna tana nesa da ni da kamu ɗaya tana goge hannu a zane. Na buɗe baki in ce mata ta yafe mini. Shekara talatin da shida ban taɓa jefa mata magana kai tsaye ba, sai wancan zagin, shi ma ta kan Goggo na bi da shi.

Na juya na ce, “Goggo, ki ce mata ya isa.”